Muryar Sarkin Daular Garwashi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da katifun da kake zama a tsakaninsu don tare hayaniya in kana naɗar murya. Na rubuto da hannu na ba tela ya kawo maka, don ka san wayata ba ni kaɗai ke karanta ta ba.

Na saurari babukan farko na littafina, Daular Garwashi, da ka karanta ka naɗa. Zan fara da yabo, tunda ba shi da yawa. Yaƙin Gadar Gishiri ya fito, duk da na gane ƙarar takubban nan cokulan marigayiya Mama ne kake kaɗawa. Matsafan da ke ɗure inuwar sojoji a tulu ma ba laifi.

Sai Sarkin Sarakuna ya buɗe baki, na dakatar da sauraron. Auta, muryar wa ka ba shi? Gyaran murya sau biyu kafin magana, da tsakin nan na gefen haƙori, da jan "kin gane ko?" Ko kurma aka kunna wa zai ce maigidana ne. Shekara da shekaru ina rubuta littafin nan a teburin kicin, na ba ka karatunsa don tausayi, ganin ka kai arba'in ba ka da sana'a sai shiga durowar kaya kana magana da kanka. Sakayyar da za ka yi mini ke nan, ka kashe mini aure?

Ka sake naɗar duk inda Sarki ya yi magana kafin kamfanin littattafan sauraro ya saki littafin ƙarshen wata. Ka ba shi muryar kowa, ko ta jaki ce.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya ta kaina,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, katifu ma suna gaishe ki. Ina maigidanki Manaja? Da fatan rimot ɗin talabijin yana nan lafiya a aljihunsa.

Ke malamar makaranta ce, alli kika sani, bari in gaya miki yadda nake aikina. Ni ba na ƙirƙirar murya. Nakan ɗauki maganar mutum in yi ta karanta ta da ƙarfi ina zagaya ɗaki, har sai bakina ya tuno wanda ya taɓa faɗin irinta. Kwamandan jiragen ruwanki mai gyaran famfonmu ne. Tsohuwar matsafiya kuwa nas ɗin nan ce da ke yi mana allura muna yara, ba ki ce komai a kanta ba.

Da na zo kan Sarki, ko zagaye ɗaya ban yi ba. "Wa ya kunna fitilar nan ba da izinina ba?" Wa ya rubuta? "Ni ba na maimaita magana," wadda yake maimaitawa a kowane babi, wa ya rubuta? Yaya, wane sarki ne zai ci ƙasashe da takobi da tsafi, ya ƙone birane, sannan ya dawo fada ya rataya makullin sito a wuya yana bin kuyangi da tambayar ina ragowar sabulu?

Wallahi na gwada wata muryar. Na ba shi mai kauri irin ta jarumai, sai ya koma kamar zaki yana cigiyar silifas.

Ba ni na sa Manaja a littafinki ba. A ciki na same shi zaune, ya miƙe ƙafa. Ba zan sake naɗa ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Autanki, mai sana'ar durowa

*

Auta,

Sallama. Gaisuwar a taƙaice take, don ba ka cancanci doguwa ba.

Ashe bayan kwaikwayon murya har duba kake yi, ka san abin da ke cikin zuciyar marubuci. To sannu, boka. Sarkina daga kaina na ƙago shi. In ya yi kama da wani, ai maza masu mulki duk kanwar ja ce.

Kai ba ka da mata, ba ka da ƙofar da za a rufe maka, shi ya sa abin yake ba ka dariya. Ka manta lokacin da na gyara masa sunan wata ƙasa a gaban abokansa? Wata guda bai ce mini uffan ba, ya kwashe littattafaina a buhu ya kai shagonsa ya jibge bayan tayoyi. Wannan kan kalma ɗaya ke nan. Yanzu kuma duniya za ta ji shi yana tsaki daga kan karaga.

Kuma bakin alƙalami ya ma bushe. Ya ga saƙon kamfanin a wayata, ya ce tunda matarsa ta zama marubuciya, shi zai fara ji. Ya tura duka babukan zuwa tasa wayar. Gobe zai kunna a shago, a babbar sifika, ya gayyato abokansa.

Tsoro nake ji, Auta, kuma na tsani kaina da nake gaya wa irinka. In ya kore ni, kai ka jawo.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma yau ba da wasa ba.

Tela ya zo ya tafi hannu rabbana, ya ce ba ki ba shi komai ba. Na ɗauki waya in kira ki na ajiye, don na san wa zai ɗauka.

Na koma durowa na sake naɗar maganganun Sarki da muryar jaruman nan. Ba daɗin ji, kamar ana karanta takardar magani, amma ba wanda zai gane kowa a ciki. Ki ce in tura wa kamfani, in tura. In kuma Manaja na son wanda zai zaga, ki ce masa shashancin Auta ne, ai dama kallon da yake mini ke nan.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ƙaninki

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, ka daina damun tela.

Ranar maigidan ya sa na kai musu abinci shago, don in ga yadda ake karrama ni. Ya ɗora sifikar a kan kantar shagon, tsakanin kwalayen birki da galan-galan na man inji. Mai walda yana nan, da mai kemis, da direban nan mai ƙaton agogo. Na tsaya bakin ƙofa da kular abinci a hannu.

Aka sha yaƙi, aka ɗure inuwoyi a tulu, sai ga Sarki ya shigo fada. Ya gyara murya sau biyu. A daidai lokacin maigidan ma ya gyara tasa sau biyu, kai ka ce tare kuka shirya. Mai walda ya cusa hularsa a baki. Mai kemis ya kara waya a kunne ya fita, alhali wayar ba ta yi ƙara ba. Da Sarki ya ce wa ya kunna fitila, direba ya fashe da dariya har agogonsa ya bugi kanta.

Maigidan ya daka musu tsawa. "Ku yi mana shiru ana magana mai ma'ana! Ni ba na maimaita magana."

Na ce a raina shi ke nan, tawa ta ƙare. Sai ya juyo gare ni fuska a sake.

"Kin gane ko? Duk littafin nan mutum ɗaya ne mai hankali, Sarkin nan. Ya san yadda ake riƙe gida. Ƙanin nan naki shashasha ne, amma ya iya muryar manya."

Mai walda ya ce, hawaye na zubo masa, "Manaja, ba ka ji kamar ka san Sarkin nan ba?"

Ya ce, "Ina zan san shi? Irinsu ai sun ƙare a duniya."

Na zaci sanyi zan ji a raina. Raini na ji, wanda ban taɓa jin irinsa ba, har ya hana ni cin abinci. Shekara ashirin ina taka ƙasa a hankali, ina kashe fitila kafin ya shigo, ina auna kowace kalma, saboda mutumin da aka kunna masa muryarsa a gaban jama'a bai gane ta ba. Kuma ka yi gaskiya, ni na rubuta shi. Kada ka saba, ba kullum za ka ji haka daga bakina ba.

Yanzu kullum sai ya saurari babi biyu a mota. Ya tambaye ni ko Sarki ne ke cin nasara a ƙarshe. Na ce ya bi a hankali, zai ji.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Na yi dariya har maƙwabci ya buga mini bango, daga baya kuma na tuna shekara ashirin ɗinki, na daina. Gobe kamfani ke jira. Wacce zan tura, tsohuwa ko sabuwa?

Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Tura tsohuwar, kada ka cire ko tsaki ɗaya.

Jiya ya kai babi na ƙarshe, inda Sarauniya ta buɗe ƙofar birni da hannunta ta fice, ta bar Sarki yana kiran a kawo masa ruwan wanka. Ya yi tsaki, ya ce mace irin wannan sai dai a littafi.

Tela zai kawo maka akwati biyu. Ka share ɗakin Mama.

Sai na zo.
Yayarka