Mujalla Ta Daina Fitowa, Zamanmu Ya Tsaya

Hajiya Surayya, don Allah ki taimaka mini da shawara, ko da za ki ga abin bai kai a kawo miki ba. Alhamdu lillahi ina da aiki, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya, ni da matata Tahani muna zaune ƙalau.

Mu uku ne tun muna yara a unguwar Bani Malik: ni da Bandar da Majid. Wata mujallar wasannin bidiyo ta Larabci ce ta haɗa mu. Duk farkon wata nakan sayo ta a kasuwar Balad, mu baje ta a tsakar ɗaki, a dafa shayi, a yi ta musu kan wasan da aka rage wa maki. A cikinta Majid ya fara ganin yadda ake ƙirƙirar wasa, yau da wannan sana'ar yake ci da iyalinsa. Mun yi aure, mun haihu, ba mu fasa ba. Muna kallo tana sirancewa, har bara ta daina fitowa.

Tun daga nan ba mu zauna ba. Ba faɗa, ba komai. Majid ya ce halas, an gama, dama duk abin da take bugawa ya riga ya gani a waya. Ni kuma ina jin nauyin kiran ƙato mai 'ya'ya in ce ya zo don ina kewarsa. Tsofaffin fitowar suna cikin kwali, Tahani tana tambaya ko a zubar. In haƙura da zaman?

Mai karatu daga Bani Malik

Ɗan'uwa, Majid yana da gaskiya. Labarin da zai jira wata guda kafin a buga shi ba zai iya gasa da waya ba, kuma masu talla sun bi masu karatu can. Kada ka zauna jiran dawowarta.

Amma kai ma ba ka yi kuskure ba. Waya tana ba kowa labari shi kaɗai, a lokacin da ya so. Mujallar kuwa rana take tsayar muku, ta ba ku dalilin haɗuwa ba sai wani ya ce yana kewar wani ba. Wannan dalilin kuka rasa, kuma yana cikin kwalinka.

Ka roƙi Tahani ta ƙara haƙuri. Farkon wata mai zuwa ka zaro fitowa ta farko, ka ɗauki hoton bangon, ka tura musu da rana da lokaci. Kada ka ƙara bayani. Kowane wata ku buɗe ta gaba. Shekarun da kuka yi kuna tara ta, su za ku yi kafin ku ƙare ta.

Ina zaton Majid zai riga Bandar zuwa. Allah ya bar zumunci.