Kibiyar da Baba Ya Bari a Fedar Hagu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka haƙurin zama nesa da gida, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai, har tana fita tsakar gida ta shanya kayanta da kanta, in ka ce za ka taya ta kuwa sai ta harare ka ta ce da sauranta. Maman yara tana nan tana fama da ɗinkinta, 'Yar Baba ta shiga aji huɗu, Auta kuma ya fitar da haƙora biyu yana cizon duk wanda ya ɗauke shi. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Kai ne, Yaya! Ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance sai ka tari numfashinsa, ni kuwa wannan labarin so nake ka ji shi daga farko har ƙarshe. Don Allah kada ka leƙa shafin baya tukuna, na san halinka.

Ka san na samu aiki a gidan buga takardu, ɓangaren ɗinkin littafi, bayan wata tara ina zaune a gida. Abin da ban gaya maka ba, don kada hankalinka ya tashi, shi ne an ɗauke ni ne a kan gwaji na wata uku. Ranar farko Manaja ta zaunar da ni ta ce ita ba ta da yawan magana, wanda ya makara sau uku a cikin gwaji ya kama gabansa. Akwai littafin sa hannu a bakin ƙofa. Da ƙarfe takwas daidai Maigadi yake ɗora rula ya ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin nan ya makara, ko da numfashi ɗaya ne. Motar haya sai na hau biyu kafin in isa, ta biyun kuma ba ta tashi sai ta cika maƙil. Shi ya sa na roƙe ka keken Baba da ke rataye a ɗakin ajiya shekara shida. Ka tuna abin da ka ce mini a waya? Ka ce tsohon keke kamar tsohon mutum yake, sai da lallashi, kowace safiya in bi duk wani noti da sifana in murɗa shi dama ya ɗauru tamau. Riƙe wannan maganar taka da kyau, za mu dawo kanta.

Na sauko da shi, na wanke, na zuba wa sarƙa mai, na sa sababbin tayoyi, na sayo baƙin fenti na shafe shi tun daga kai har feda, ya fito yana ƙyalli. Satin farko dai na ji jiki. Cinyoyina suka yi tsami, sirdin nan ya nuna mini ni baƙo ne, in na sauko sai in riƙa tafiya kamar sabon mai kaciya, Maman yara tana dariya har da riƙe ciki. Amma Yaya, da jikina ya saba, kai! Ban taɓa sanin hanyar aiki za ta iya yi wa mutum daɗi haka ba. A babban shataletale motoci suna cunkushe, direbobi suna ta hon suna zage-zage, ni kuwa sai in bi gefe ina kaɗa ƙararrawa, in wuce su ɗaya bayan ɗaya. Na yi abokan hanya: wata mai shagon magani da nake tararwa tana share ƙofa, da wani malamin makaranta mai jan keke da muke tsere da shi a gangaren gada ba tare da ko ɗayanmu ya yarda tsere muke yi ba. Tumbin nan da kake tsokanata da shi ya tafi, sai da aka ƙara wa bel ɗina huda biyu.

Sai dai keken ya gwada ni. Sati na uku ƙusa ta shige ƙafar baya, na ji iska tana fita fuuu, na tura shi har wurin wani dattijo da ke gyara a gindin bishiya kusa da shataletale, kowa Baba Mai Faci yake ce masa. Mutum ne da ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Sai ya zaro tif daga cikin taya ya tsoma a ruwa, ya nemo kumfa, ya kankare, ya shafa gam, ya zauna yana jira ya sha iska, ni ina tsaye ina kallon agogo kamar in yi kuka. Ranar na faɗo ƙasan layi. Ta biyu kuma ranar ruwan sama ce, sarƙa ta cafke ƙafar wandona ta zame ta maƙale, na isa da hannu baƙi ƙirin da wando a yage har gwiwa, takwas da minti shida. Manaja ba ta yi faɗa ba. Yatsu biyu kawai ta ɗaga mini, ta koma ofis. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, ina ta tunanin yadda zan sake komawa gida in zauna ina kallon yara suna tafiya makaranta.

Daga nan na ƙara ƙaimi a kan shawararka. Kullum bayan asuba ina tsugune da sifana, ina bin noti ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan daram, ban da fedar hagu. Ita kullum in na murɗa ta dama sai in ji ta ɗan motsa, da ƙyar, tana ƙara saboda tsatsa. Sai in ce a raina, ka ga 'yar banza, ta sake kwancewa, Allah Ya saka wa Yaya da alheri da ya ankarar da ni. In ƙara mata rabin murɗi, in tafi ina jin ni gwani ne. Haka na yi ta yi mata kusan wata guda.

Ranar Litinin ta satin ƙarshe na gwaji, na fito bakwai saura, na tsallake gada, ina hawan tudun nan na gaban gidan mai, na miƙe tsaye na danna da ƙarfi. Sai ji na yi ƙafata ta hagu ta tafi cikin iska! Feda ta fice fit, ta yi tsalle ta gangara, ni kuma na dawo kan sandar keke da wurin da ba zan rubuta a takarda ba. Na tsinto ta a bakin kwata, na zaro sifana, na saka ta a raminta ina murɗawa dama. Ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Na tofa mata yawu, na goge ta da riga, na yi bisimilla, na murɗa, ta faɗo. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, agogo ya ce bakwai da rabi har da biyar. Sai na jefa ta a aljihu, na kama kan keke na ruga da gudu, ina tura shi kamar wanda ya sato.

Na tarar da Baba Mai Faci yana shimfiɗa kayansa ke nan. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce masa haƙoran feda sun cinye, aikina ya tafi. Ya karɓa ya juya ta, ya tambaye ni ta wane gefe nake murɗawa. Na nuna masa. Yaya, dattijon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ai fedar hagu ta kowane keke a duniya ta baya take ɗauruwa, hagu ake murɗa ta, wanda ya murɗa ta dama kwance ta yake yi. Wato wata guda ina tashi da asuba ina kwance fedata da hannuna, ina sa maka albarka! Ya saka ta, ya juya hagu da yatsu biyu, ta shige sumul, ya ja ta da sifana sau ɗaya. Karo na farko da na ga ya yi sauri. Ya buga sirdi ya ce in tashi, in dawo da yamma ya sa mata giris.

Ban san ina da irin wannan ƙarfin ba. Na tsaga shataletale ina kaɗa ƙararrawa ina ba mutane haƙuri tun kafin in iso su. Na wuce malamin makaranta kamar yana tsaye, ya ɗaga murya yana tambaya ko lafiya. Mai shagon magani ta janye tsintsiyarta da sauri. Da na karyo kwanar wurin aiki na hango Maigadi ya riga ya ɗora rula a kan littafi, ya cire murfin jan biro da haƙori. Na yi ihu tun daga nesa, na yar da keke a bakin ƙofa ƙafafunsa suna ta juyawa, na fizgi biro na sa hannu, sa hannun da ni kaina ba zan gane shi ba. Ya dubi agogon bango, ya dube ni, ya ja layinsa a ƙasan sunana, har jan ya taɓa wutsiyar harafina na ƙarshe. Ranar Juma'a Manaja ta kira ni ta miƙo mini takarda. An tabbatar da ni, Yaya! Na zama cikakken ma'aikaci! Na karanta ta sau huɗu a tsaye, na fito ina murmushi har kumatuna suka gaji.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Da yammacin Litinin ɗin na koma wurin Baba Mai Faci kamar yadda ya ce. Yana shafa giris sai ya tsaya, ya shafa ƙarfen da fedar ke maƙale a jiki da babban yatsa, ya ce akwai wani abu a ƙarƙashin fentina. Ya kankare da bakin wuƙa a hankali. Sai ga 'yar kibiya an zana ta da ƙusa, ta lanƙwasa tana nuna hagu. Na gane hannun nan take, irin alamar da Baba yake yi a kan famfo da makunnin fitila tunda shi bai iya rubutu ba. Ashe ya bar mini bayani, ni kuma na bi shi da baƙin fenti na rufe saboda son ƙyalli. Na tsuguna a gindin bishiyar nan hawaye yana zubo mini, ban ji kunyar kowa ba.

Da na nuna wa Inna, ta sa yatsa a kan kibiyar ta shafa ta, sannan ta fashe da dariya. Ta ce ai saboda kai aka zana ta! Ta ce kana ɗan shekara goma sha biyu ka ɗauki sifanar Baba za ka yi masa gwaninta, ka kwance fedar nan, ta fice masa a hanya ya makara wurin aiki. Bai dake ka ba, bai ma gaya maka ba. Ya dawo ya nemi ƙusa ya zauna yana zanawa, da ta tambaye shi sai ya ce 'ya'yansa za su hau keken nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kullum zai kasance a tsaye kusa da su ba. To ka ji, malam mai ba da shawara. Shekara talatin kana yawo da kuskuren nan, har ka aiko mini da shi ta waya. Wurin na bar shi a kankare, ba zan sake shafa masa fenti ba, kuma na riga na nuna wa 'Yar Baba abin da kibiyar take nufi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Maman yara tana gaida Anti, tana tambaya ko rigunan da ta ɗinka ta aiko sun yi wa yara daidai. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Lele, ka gaida abokin zamanka Dogo. Baba Mai Faci ma ya ce in gaishe da yayan nan nawa mai murɗa dama, yana son ganin ka ido da ido. In Allah Ya kawo ka hutu, keke yana nan, zan ba ka aro, amma sifana tana aljihuna.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
wanda har yanzu kake kira Ɗan Tumbi