An Ba Ni Motar Da Aka Karɓe A Hannun Maigidana

Assalamu alaikum Baffa Idrisu,

Don girman Allah ku taimaka mini da shawara. Abin da ke cina a rai ya fi ƙarfina, kuma duk wanda na faɗa wa a nan kusa, maganar za ta zaga ta koma kunnen wanda nake magana a kansa.

Ni direba ne a wani kamfanin alawa da biskit a Bompai. Mutumin da ya kawo ni Kano daga ƙauyenmu na wajen Ringim zan kira shi Malam Labaran, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Aminin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu ya zo ta'aziyya, ya taho da ni, ya ba ni shagon zauren gidansa a Dakata, matarsa Inna Kulu ta riƙa zuba mini abinci tare da 'ya'yanta. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya tsaya mini na sami lasin, shi ya shige gaba har aka ɗauke ni aiki, aka ba ni a-kori-kura ina rarraba kwalaye a kasuwannin cikin gari. Shi kuwa babbar motar kamfani yake ja, mai kai kaya sito a Sharada da Challawa, wani lokaci har Gusau. Baba nake kiransa, shi kuma Auta yake ce mini, har na yi aure na koma haya bai daina ba.

Bana bayan ƙaramar salla kamfani ya kawo likita ya duba idanun direbobi. Aka ce Baba yana da yanar ido, ba zai ƙara jan mota ba. Manaja ya ce saboda daɗewarsa ba za a sallame shi ba, duk da ana ta rage ma'aikata, sai aka mai da shi gadin ƙofa. Kashegari aka kira ni ofis aka miƙo mini makullin motarsa. Na ce a ba wani. Aka ce in ban karɓa ba ga masu jira nan a waje, a-kori-kurar ma sayar da ita za a yi. Matata Safiyatu tana da tsohon ciki. Na karɓa.

Baffa, motar nan ta ƙi ni. Na saba da abin da zan juya da hannu ɗaya, yanzu in zan sha kwana sai na manta akwai bodi mai tsawo a bayana, taya ta hau kwalbati. Birkin iska ne da ita, in na taka kamar yadda na saba sai kwalaye su zube a baya. Giya kuwa sai ta yi ta ƙara kafin ta shiga. Ranar nan a siton Sharada na yi ta ribas na kasa daidaita ta da ƙofa, leburori suna tsaye suna kallo, wani ya ce da Malam Labaran ne da tuni an sauke an tafi. Ga shi ya fi ni tsawo nesa, da ƙyar ƙafata ke kai kulochi, amma na kasa matsar da kujerar, na kasa taɓa madubi. Ji nake kamar in na gyara su na tabbatar ba zai dawo ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke kashe ni, shi ke buɗe mini ƙofa kullum da safe. Ranar farko na sauko na durƙusa zan gaishe shi, sai ya miƙe ya sara mini, ya ce, "Ranka ya daɗe, direba, a fito lafiya." Tun daga ranar bai ƙara ce mini Auta ba. Makon jiya ina fita na goge ginshiƙin ƙofa da bayan mota. Na ɗauka zai yi mini faɗa irin na da, wallahi da ya yi da na ji daɗi. Sai ya kau da kai ya shige ɗakin gadi.

Na je gida da goro da turmin yadi. Inna Kulu ta fito ta ce barci yake, alhali ina jin tarinsa daga ɗaki. Ta karɓi goron, ta mayar mini da yadin, idonta cike da hawaye. Na kuma ji wasu na cewa ni na kai ƙararsa don in gaje motar. Allah shaida ne, ban san idonsa ya lalace haka ba. Ban sani ba ko ya yarda da su.

Abinci ba ya shiga. Safiyatu ta ce na rame. Shin in mayar da makullin in koma ƙauye in yi noma? Gara in rasa aikin da in rasa uba sau biyu.

Naku,
Direba Mai Ɓacin Rai, Dakata.

Amsar Baffa Idrisu

Wa alaikumus salam ɗana,

Kada ka mayar da makullin. In ka ajiye shi ba hannun Malam Labaran zai koma ba, baƙo za a ba, kai kuma ka zauna ba aiki ga haihuwa tafe. Ba ka ƙwace komai ba. Idonsa ne ya sauke shi, kuma gara likita ya sauke shi da a ce hatsari ne ya sauke shi a hanyar Gusau.

Amma ka yi masa uzuri. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, yau yana jan ƙyauren ƙarfe motarsa na wucewa, ba ƙaramin abu yake haɗiyewa ba. Ina zaton ba kai yake ƙi ba, kunyar ka gan shi a wannan hali ce ta fi yawa. Duk da haka bai kyauta maka ba, kuma hawayen Inna Kulu sun nuna ita ma ta san haka.

Na farko, motar. Gobe kafin ka tayar da ita ka matsar da kujerar, ka daidaita madubai da tsayinka. Kara ba ta taka birki, kuma rayukan mutane ne a kan titi. Ka gaya wa manaja kai tsaye kana bukatar a haɗa ka da gogaggen direba na ɗan lokaci, a kuma bar ka ka riƙa gwada ribas da kwana ranar Lahadi a fili, ba lodi. Wanda ya baro ƙaramar mota dole ya koma ɗalibi, ba abin kunya ba ne.

Na biyu, dattijon. Ka daina kai masa kyauta tukuna, a yanzu kyauta kamar sadaka take a wurinsa. Ka nemi limamin unguwarsu ko wani sa'ansa da yake jin nauyi, ya raka ka, a wanke maganar kai ƙarar nan a gabansa. Bayan haka ka roƙe shi ya koya maka motar kamar yadda ya koya maka ta farko. Ba wanda ya san halinta kamarsa, kuma babu abin da ke ɗaga kan dattijo kamar a nuna har yanzu ana bukatarsa.

Sannan ka sani yanar ido ana yi mata aiki, mutane da yawa sun koma gani. Ka bi ta hannun Inna Kulu a kai shi asibitin ido a duba. Ko bai koma tuƙi ba, ganin jikokinsa ma riba ce.

Mai yiwuwa ya sauko da wuri, mai yiwuwa ya daɗe. Wannan ba a hannunka yake ba. Naka shi ne kullum ka tsaya a ƙofar nan ka sauko ka gaishe shi, ko ya amsa da sanyi ko da zafi. Wanda ya raini maraya ba ya iya fushi da shi har abada.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare ka a hanya, ya sauki Safiyatu lafiya.

Baffanka,
Idrisu.