Manhajar da Ta Ce Lafiya Lau

Daren Talata, Gwarzo

Yau na sha kunya a gonar Kawu Sani. Na ɗauki hoton masararsa da tsutsa ta cinye, sai manhajar da muke haɗawa don gano cutar shuka ta ce wai lafiya lau. Kawu ya ce, "Hadiza, aikin naku ke nan?"

Lokacin da aka ba mu a babbar kwamfutar da ke horar da irin waɗannan manhajoji ya ƙare. Layi ba zai sake zuwa kanmu ba sai bayan kaka, tsutsa kuwa ba ta jira.

Na dawo na bi hotunan manoman Kabo da muka horar da ita da su. Kusan duk ganye ne kore shar. Na kira Malam Iro da ya tattaro su, ya ce, "Haba 'yata, wa zai nuna wa baƙi inda gonarsa ta lalace? Kowa gefe mai kyau ya ɗauka."

Raina ya ɓaci, amma me zan ce masa? Ni ma ɗazu da Inna ta tambaye ni ya aiki, lafiya lau na ce mata.