Irin Accar da Kika Bari

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina sanar da ke cewa da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, ba rubuta mini aka yi ba. Na gama ajin manya na ikilisiyarmu, kuma malamin ya ce duk ajin babu mai hannu kamar nawa.

Dalilin rubutuna shi ne irin accar da kika bari a tulu. Surukarki Saratu tana so ta dafa shi.

Mama, rayuwa ta yi tsada tun tafiyarki. Masarar da kike sayowa a kasuwar Kafanchan da canjin bakin zanenki, yau sai an sayar da kaza. Cittar da na kai Kachia ko buhun taki ba ta saya ba.

A watan jiya aka ce gwamnati za ta raba hatsi ga marasa ƙarfi. Mai unguwa ya kira ni, ni kaɗai, ya ba ni takarda da biro. Na zauna a gindin mangwaro, jama'a suka jeru, har waɗanda suka girme ni suna ce mini Malam. Na rubuta gwauraye, na rubuta makafi, na rubuta ƙawarki Mama Ladi. A ƙarshen takarda saura gurbi guda. Na daɗe ina kallonsa. Na ga bai dace mai riƙe da biro ya sa kansa cikin mabukata ba, sai na sa hannu na miƙa.

Hatsi ya zo. Ni na kira sunaye, kowa ya ɗauki nasa. Da na je wurin mai unguwa daga baya don a ƙara sunana, ya ce takarda ta riga ta tafi sakatariya.

Na tuna shekarar fari. Kin liƙe bakin tulun nan da laka, muka ci ganyen rama har ruwa ya sauka. Kin ce, “Bulus, ko me ake ciki, ba a taɓa iri.” Amma Mama, ƙaramar jikarki ta daina kukan yunwa, kwanciya kawai take yi. Damina kuwa saura wata biyu.

Na ce wa Saratu ta jira in rubuto miki tukuna. Na ja wasiƙar iya ƙoƙarina, ga shi ta ƙare. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta wanke turmi.

Ki gafarta mini, Mamana. Allah ya ba ki hutawa, mu kuma ya ba mu abin shukawa.

Ni ne ɗanki,
Bulus, marubucin unguwa