Kwanan watan Kawu ya tsare ni a ofis

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ko yanzu da nake rubuto miki, ido ɗaya na kan kwamfuta, ɗaya na kan agogo.

Aikina rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne babba a sashenmu. Shi ya koya mini aikin, shi ya tsaya tsayin daka har aka ɗauke ni. To ga inda gizo ke saƙar. In mun yi gyara, akwai shirin da ke harhaɗa guntayen aikin su zama manhaja guda, kuma ƙa'idarsa abin da aka taɓa kawai zai sake haɗawa. Amma Kawu yana da wani fayil da kwamfuta ke sake rubutawa duk sanda aka tayar da shirin, ya kuma sa a riƙa buga kwanan wata da lokaci a samansa. Kusan komai namu a kan fayil ɗin nan ya dogara. Da shirin ya ga sabon lokaci sai ya ɗauka komai ya sauya, ya faro daga tushe. Ko waƙafi na gyara, haka zan zauna.

In zagaya ofis, in sha ruwa ba ƙishirwa, in leƙa taga, in dawo, bai ko kai rabi ba. Ga shi ba a tashi sai an ga ya gama lafiya. 'Yata tana aji biyu. Kullum ita ce ta ƙarshe a ƙofar makaranta, rungume da jaka a gefen maigadi. Jiya ko kuka ba ta yi ba, kallona kawai ta yi ta wuce gaba. Wallahi da ma kukan ta yi.

Na san in aka cire layin kwanan watan nan an huta. Amma Kawu ji yake da shi kamar me. Wani abokin aikinmu ya taɓa tayar da zancen a taro, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. In na goge a ɓoye zai gani, in na yi magana a ce na yi butulci. Har na yi niyyar kai ƙara wurin Mama, sai na rasa ta ina zan fara mata bayani. Yaya zan yi?

Mai Kallon Agogo

AMSA

Mai Kallon Agogo, zauna tukuna ki numfasa. Kada ki goge komai a ɓoye, kuma ki bar Mama ta huta, wannan ba maganarta ba ce.

Kina da gaskiya, amma Kawu ma ba don ado ya sa layin nan ba. Ina kyautata zaton an taɓa aika wa wani tsohuwar manhaja a matsayin sabuwa, kunya ta kama shi, ya ce ba za a kuma ba. Abokin aikinku a gaban jama'a ya taɓo shi, shi ya sa ya sha ƙasa.

Na tuntuɓi wata ƙawata mai irin aikinku. Ta ce ba sai an jefar da kwanan watan ba. A mayar da shi wani ɗan fayil shi kaɗai, wanda sai a matakin ƙarshe za a ɗauko. Shi kuma babban fayil, a fara rubuta sabon a gefe, a gwada da tsohon. In duk ɗaya ne, a bar tsohon yadda yake, don kada shirin ya ɗauka an yi sauyi. Ki jarraba a kwamfutarki, sannan ki sami Kawu shi kaɗai, ki fara tambayarsa dalilin layin, ki roƙe shi ya duba miki aikin a matsayinsa na malaminki.

Kafin nan, ki samo wanda zai riƙa ɗauko yarinyar daga gobe. Ke ma shirunki ya yi yawa. Na tabbata Kawu bai san wa ke biyan wannan jiran ba. Jikarsa ce fa, wadda in ya zo gida yake tsokana yana kiranta matarsa. Ki faɗa masa matar tasa ce ke tsaye a rana, ki ga ko zai zaɓi kwanan wata.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ranar Litinin ke za ki riga ta isa ƙofar makaranta.