Mako biyar ina cewa a buga guduma, alhali kunnena a toshe

Malam, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka rufa mini asiri kada ka sa sunana. Ban taɓa rubuto wa jarida komai ba, in ka ga ina ta zagaye ka yi haƙuri da ni.

Aikina sauraro ne. Na san za ka yi dariya, surukata ma har yau in aka tambaye ta sana'ar mijin 'yarta sai ta ce ai zama yake yi. A tashar jiragen ruwa ake gina sabon wurin tsayawar jirage, ana kafa manyan bututun ƙarfe a ƙarƙashin teku da wata gudumar inji wadda in ta sauka har a haƙoranka za ka ji. Mu da muke sama muna toshe kunne. Na cikin ruwa ba su da abin toshewa. Akwai dolfin a wajen, kuma ba kifi ba ne kamar yadda mutane suke zato, dabbobi ne masu haihuwa su shayar. Da kunne suke rayuwa. Da shi suke gane inda abinci yake, da shi uwa take sanin inda ɗanta ya shiga. In ƙarar gudumar ta same su a kusa, tana iya kurmantar da su, na ɗan lokaci ko na dindindin. Dolfin kurma kuwa yunwa ce take ƙarasa shi.

Dalilin ɗaukata ke nan. Kowace safiya ina shiga wani ɗan ɗaki a kan jirgin aikin, mai kujera ɗaya da taga ɗaya, in zura na'urar ɗaukar sauti cikin ruwa, in sa abin sauraro a kunne, in yi rabin awa cur. In na ji fitonsu a kusa sai in ce a dakata, kuma ko shugaban aiki bai isa ya tsallake maganata ba. In ban ji komai ba in ce a buga. Ko an fara ma a hankali ake farawa, don duk wanda yake kusa ya samu ya yi nisa.

Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki. Mai Kunne ake ce mini. Akwai wani allo a ɗakin da yake nuna sautin ruwa kamar zane, amma ni da kunne na yi suna, don haka hulata nake ratayawa a kansa. Abokiyar aikina da take karɓar kujerar da rana kuwa idonta ba ya barin allon. Na sa mata Malama Talabijin, kuma sunan ya bi ta har wurin cin abinci.

To, wata uku da suka wuce, wata safiya ina tsaye a kicin ina neman makullina, maman yara ta fito daga wanka da gudu ta kashe wuta. Ashe butar shayi ce take ta fito a bayana, ruwan har ya kusa ƙonewa, ni kuwa ban ji ba. Ta dube ni, na ce tunani nake yi. Amma gabana ya faɗi, domin fiton butar nan da fiton dolfin kusan murya ɗaya ce.

Malam, ban gaya wa kowa ba. Na ce mura ce, za ta wuce. Mako biyar ina shiga ɗakin nan, kunnena kamar an cusa auduga, in ƙara muryar na'urar har ƙarshe, in zauna rabin awata, in ce a buga. Abin da ya fi ba ni kunya, ban cire hular daga allon ba, don kada wani ya leƙo ya ga Mai Kunne yana kallon talabijin.

A mako na biyar ruwa ya turo gawar wani ɗan dolfin bakin gaɓa, ba nisa da mu. Na je na gani. Bai fi tsawon ƙaramar 'yata ba. Kwana uku abinci bai wuce mini ba, sai a na huɗu na fasa wa maman yara komai. Ba ta yi faɗa ba, mayafinta kawai ta ɗauka ta ce in tashi. A asibiti likita ya leƙa kunnen ya yi tsaki, ya wanke shi da ruwan ɗumi, ya nuna mini abin da ya fito a ɗan faranti, ya tambaye ni ko zan tafi da shi gida. Dattin kunne ne, robar toshe kunne da nake dannawa kullum ce ta yi ta tura shi ciki har ya zama kamar dutse. Muna fitowa na ji ƙarar takalmina a kan siminti, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Sai dai ya gwada ni da na'ura, ya ce kunnen dama lafiya lau, na hagu kuwa ya daina kama sauti mafi siriri, kuma wannan ba zai dawo ba, shekaru ne da ƙarar aiki. Maman yara ta karɓi takardar ta ce shekara ashirin tana zaton rashin jin maganarta da nake yi hali ne, ashe rabi ciwo ne.

Bayan kwana goma masu binciken dabbobin teku suka aiko da sakamako. Ragar kamun kifi ce ta naɗe ɗan dolfin ya kasa fitowa shan iska, ba su ga alamar rauni a kunnensa ba. Ban san yadda zan kwatanta maka sanyin da na ji ba.

Duk abin da na'urar ta ɗauka ana ajiye shi. Na riƙa zama bayan an tashi, na bi safiya talatin da na yi aiki a mako biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da kunne da allo. Ashirin da takwas babu komai sai injin jirage. Biyu kuwa akwai fito, siriri, kamar daga nesa. Ko sun shigo cikin tazarar da ake dakatar da aiki ko ba su shigo ba, ban iya tantancewa ba. Akwai kuma mai duba ruwa da tabarau na hangen nesa daga saman jirgi, shi ma ya rubuta bai ga komai ba a ranakun.

Yanzu ga inda na tsaya. Maman yara ta ce in je in gaya wa shugaban aiki. Ta ce in na ƙi ba za ta tona ni ba, amma kada ta sake jin an kira ni Mai Kunne a gidanta. Yayana kuwa, wanda yake tuƙa injin ɗaga kaya a wurin, shi ya kawo ni harkar tun farko, ya ce in kama bakina. Ya ce Allah Ya rufa mini asiri ni kuma zan je in yaye da hannuna, ba abin da ya mutu ta dalilina, kuma ranar da ofis suka ji kalmar kunne a kaina sun gama da ni. Ina cin abinci yanzu, ina barci, amma kullum sai in wuce ƙofar ofishin shugaban aiki in kasa shiga. In faɗa ko in yi shiru?

Naka, wani ma'aikacin bakin teku.

AMSA

Ɗan'uwa, barka da arziki, har sau biyu. Kunnenka ya buɗe, kuma ɗan dabbar nan ba a wuyanka yake ba. Ka ji daɗin wannan yadda ya kamata, ka ƙara loma, kada ka riƙa jin kamar sauƙin da ka samu na sata ne.

Ni ban taɓa ganin dolfin ba sai a hoto, kuma ruwa mafi zurfi da na shiga bai wuce ƙuguna ba. Amma wasiƙarka ta sa na yi kwana biyu ina karatu a kansu, na kuma ci karo da wani abu da na tabbata ka fi ni saninsa, ka dai manta ka rubuto. Da yawa daga cikin sautin da suke yi ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, kowane ɗan Adam. Wato ko ranar da kunnenka yake sabo fil, wani ɓangare na zancensu kake ji. Saura yana kan allo, a ƙarƙashin hula. Don haka matsalarka ba ta mako biyar ba ce, ta girmi dattin kunnen da shekaru. Kada ka ji haushi, mu maza da muka haura arba'in kusan kowa yana da allon da ya rataya wa hula. Ni tabarau na yi shekara biyu ina ƙi, ina zargin masu buga littattafai da ƙanƙance rubutu.

Yayanka ba matsoraci ba ne, kuma ba mugu ba. Ya daɗe a wurin aiki, ya ga yadda wasu ofisoshi suke saka wa mai faɗin gaskiya, tsoron da yake ji maka na gaske ne. Ba zan yi maka alkawarin za a tafa maka ba. Ana iya ba ka takardar gargaɗi, ana iya canza maka kujera. Amma ya yi kuskure a inda ya ce ba abin da ya faru. Abin da ka sani shi ne ba a ga komai ba. Dabbar da kunnenta ya taɓu ba dole ba ne ruwa ya kawo ta ƙofarka. Mai yiwuwa ne ƙwarai waɗancan biyun suna can nesa, ga mai tabarau bai gan su ba, ga kuma farawa a hankali da kuke yi. Ni ma hakan nake kyautata zato. Sai dai zato ne, kuma ba kai kaɗai ya kamata ka yanke shi ba.

Sannan shiru yana da amfani ne in abu ya wuce, naka kuwa bai wuce ba. Kunnen hagu yana nan tare da kai gobe da jibi, sautin da aka ajiye kuma yana nan ga duk wanda ya ga dama ya buɗe. Gara a ji daga bakinka, da takardar likita a hannu, da a ji daga bakin mai bincike.

Kafin ofis, ka fara zuwa wurin abokiyar aikinka. Ka kira ta da sunan da iyayenta suka sa mata, ka ba ta haƙuri, ka roƙe ta ta duba maka safiyoyin nan biyu. Ta fi ka iya karanta allon, wataƙila ta gane nisan da kai ka kasa. Wannan zai fi yi maka ɗaci a kan shiga ofis, na sani, shi ya sa na sa shi farko. Daga nan ka gaya wa Yaya abin da ka yanke, kada ya tsinci labarin a bakin wasu. Ba izini za ka nema ba, girmansa za ka ba shi.

Wurin shugaban aiki kuwa, ban da kuka, ban da dogon tarihi. Ga ranakun, ga abin da likita ya samu, ga abin da na bi na duba, ga biyun da ban tabbatar ba. Ka ƙara da abin da kake gani ya dace: a riƙa gwada kunnen duk mai hawa kujerar nan lokaci-lokaci, kuma kada a ce a buga sai kunne da allo sun yarda. Mutumin da ya zauna ya bi safiya talatin ba wanda ya sa shi, shugaba mai hankali ba ya saurin rabuwa da irinsa. In kuma naka ba mai hankali ba ne, gara ka sani tun kana da ƙarfin neman wani wurin.

Maman yara kuwa ka yi mata godiya ta musamman. Ta ji abin da zai sa wata ta tara maka dangi, ita kuwa asibiti ta kai ka.

Kada ka bari makon nan ya fita. Allah Ya ƙara wa kunnen dama lafiya, Ya tsayar da na hagu inda ya tsaya, Ya sa ka fito daga ofishin nan da aikinka da mutuncinka. Ka gaishe mini da surukarka, ka ce na ce zaman naka aiki ne.